Saƙon Gwaggo Bahaguwa

Ranar da jikata za ta tafi Yamai karatu ni na raka ta tashar mota a Tasawa, kuma tun daga ƙofar gida idona yake kan jakarta. Jaka ɗaya ce tal, irin mai ƙafafun nan, tana jan ta da yatsu biyu tana danna salula da ɗaya hannun. Na tambaye ta ina sauran kaya, ta ce ai su ke nan. Na ce to ina saƙon mutane? Sai ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Duk faɗin unguwarmu ba a samu wanda ya yi mana sallama da sassafe da ƙulli a hannu ba, babu tsohuwar da ta aiko da daddawa, ko zabo ɗaya ba a rataya wa yarinyar nan ba. Mai ɗa a birni yanzu waya yake ɗagawa ya ji muryarsa, in ya so har fuskarsa ya gani. Ban ce abin ba kyau ba, ni ma ina yi. Amma muna zaune a benci muna jiran mota sai tausayinta ya kama ni, don za ta shiga gari irin Yamai ba ta neman kowa a cikinsa. Ni neman mutum ɗaya ne ya koya mini garin nan lungu-lungu, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙafafuna suna ƙaiƙayin tafiya.

Ƙauyenmu yana gefen Kanan-Bakashe, a bakin Gulbin Kaba, gulbin da suna kawai ya rage masa, don ni dai ban taɓa ganin ruwa yana gudu a cikinsa ba, sai rairayi da goriba iya ganinka. Da kaba muka tashi. Da ita ake saƙa tabarma da faifai, da ita ake tufka igiyar guga da ta dabaibayi da ta ɗaurin dami. In gari ya waye luguden mata kunne ke fara ji, sai gurzar igiya a bakin rijiya, don rijiyoyinmu zurfi gare su, mutum sai ya yi gumi kafin ya ga ruwan sha. Da hantsi kuma tsofaffi su baje a inuwa, ba ka jin komai sai motsin kaba a tafin hannu da tari jefi-jefi. Aikin yaro ya yanko kaba, ya shanya, ya jiƙa, ya tsaga, in ya yi wasa ƙayar gindinta ta tuna masa. Ni Allah ya yi aka kama ni aka sa lakwal, wato makarantar boko, a zamanin da iyaye ke ɓoye ƴaƴa cikin rumbu in sun ji mushe, malamin lakwal, ya shigo gari. Daga nan sai Tasawa, daga Tasawa kuma, wata shekara ana tsakar girbi, aka ce an ba ni wuri a lise, babbar sakandare, a Yamai.

Labarin bai kwana ba ya zaga gari, gidanmu ya koma kamar ranar kasuwa. Mutanenmu a lokacin sun ɗauka Yamai wata babbar Kanan-Bakashe ce, inda za ka tsaya bakin rijiya ka ambaci sunan mutum a nuna maka zaurensa. Wata ta kawo garin kuka a kai wa ƙanenta soja, wani ya kawo man shanu na ɗiyarsa da ke aure can, wani tsoho ya zo da zabi ɗaure da ƙafa ya ce na ɗansa ne mai gadi, kuma in sun galabaita a hanya in fesa musu ruwa da bakina. Ba wanda ya faɗi unguwa. Akwatin ƙarfen da aka saya mini don littattafai da tufafi daddawa ce ta cinye rabinsa, har na gama shekarar farko rigunana suna ƙanshin miya. Ban isa in ce a'a ba. Babana ya zaunar da ni ya ce saƙo amana ne, kuma wanda ya karɓa ya komo da shi ya fi wanda ya ƙi karɓa abin kunya.

Sai da kowa ya watse, da la'asar sakaliya, Gwaggo Bahaguwa ta shigo tana dogara sanda. Maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu, duk gari Gwaggo ake ce mata, kuma ita ce gwanar tufka a ƙauyen. Da hagu take komai, shi ya sa murɗin igiyarta yake komawa baya, saɓanin na kowa. In ka ce za ka ƙara matse ta yadda ka saba, warwarewa za ta yi a hannunka, kuma mun sha faɗa a kan haka a bakin rijiya muna yara. Ɗanta na fari, shi kaɗai namijin da ya rayu mata, ya tafi cirani tun ina ƙaramin aji bai komo ba, ko a rasuwar ubansa ba a gan shi ba. Ta zauna can gefe ta kwance wani ƙulli daga bakin zanenta, bai fi cikin tafi ba, an naɗe shi da tsohon ƙyalle an ɗaure da siririyar igiyar kaba.

"Ɗan lakwal," ta ce da ni, "an ce Yamai za ka. Akwai wani can. Ka ba shi wanga."

Na san wanda take nufi sarai, amma tsokanar ƙuruciya ta sa na ce, "Gwaggo, wa ke nan?" Innata ta mintsine ni a cinya sai da na zabura.

Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba. "Ka ce mishi gonar ubanshi ta gaji da aro. Ƙanen uban ya ce in ruwan shuka ya sauka bai ga mai ita ba, ya haɗe ta da tashi ke nan, ba sauran magana."

"To a ina shike a Yamai ɗin, Gwaggo?"

"Yamai ɗin nawa ce?" ta ce. "Ka tambaya."

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A da uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ko haɗa ido da shi in akwai na uku. In ya faɗi ya ƙuje gwiwa, kaka ko maƙwabciya ce za ta ɗauke shi, ita ta ci gaba da tankaɗenta kamar ɗan wani ne. Yau uwa tana ƙwala wa ɗan fari kira daga wancan gefen titi, hotonsa kuma shi ne a fuskar wayarta. Gwaggo ta tsohuwar tarbiyya ce ƙwarai, ba a taɓa jin ta tambayi matafiyi labarin yaron nan ba. Bayan ta fita Inna ta rage murya ta ce, "Sunanshi Mahamman, in ka manta. Kuma kak ka ɗauka gona ce ta dame ta. Idanunta ne ke tahiya, kullum yanar ido ƙaruwa take. So take ta gan shi kahin su ruhe." Na sa ƙullin a aljihun gaba, na ji wani abu kamar tsaba yana motsi a ciki, ban buɗe ba.

Tafiyar kanta biki ce. Amalanke zuwa Kanan-Bakashe, babbar mota zuwa Tasawa, sannan doguwar hanyar yamma wadda na zaci ba ta da ƙarshe, ni a takure, zabi suna kuka a ƙarƙashin ƙafata, fasinja suna yi mini addu'ar da ba ta alheri ba. Da muka shiga Yamai na rasa inda zan sa ido. Gidaje a kan gidaje, motoci suna tsayawa da kansu don wata fitila ta yi ja, mata suna tuƙa babur ba wanda ya waiwaya. Na gaishe da duk wanda muka yi kiciɓis da shi daga tasha har ƙofar makaranta, har muƙamuƙina ya gaji, waɗanda suka amsa kuwa ba su cika hannu ba. A ɗakin kwanan ɗalibai abin da ya fi ɗaure mini kai famfo ne. Ka murɗa kawai ruwa ya zo, ba guga ba gumi. Makon farko na yi rigima da mutane da yawa, don duk wanda ya bar shi yana zuba yana goge baki sai in je in rufe, ko da kuwa kansa na ƙarƙashi.

Ana barinmu fita yammacin Alhamis da wunin Lahadi. Sauran saƙonnin ba su ba ni wuya ba, don a tasha aka haɗa ni da wani dattijo ɗan wajenmu da ke zaune a unguwar Bukoki, wanda ya san sojan, ya san mai gadin, ya san har ranar da matar nan mai man shanu take zuwa kasuwa. Da na ambaci Mahamman na Gwaggo sai ya girgiza kai. Ya ce ya taɓa ganinsa yana dako shekarun baya, da ya yi masa magana sai ya sauya wuri, kuma wanda ke jin kunyar gida ƴan gida yake fara gudu. Ban karaya ba. Alhamis ta gaba na tare tasi na shiga na harɗe, na ce wa direban ya kai ni wurin Mahamman na Kanan-Bakashe. Ya ce wace unguwa, na ce ai shi ne ɗan gari. Mutumin nan sai da ya tsayar da mota gefen hanya don ya samu ya yi dariya da kyau, sannan ya buɗe mini ƙofa ya ce in sauka Allah ya ba ni sa'a.

Na yi wautar ba da labarin a aji, shi ne Hamani ya maƙale mini. Bazabarme ne haifaffen Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogi, siriri mai bakin tsiya, Hausarsa tana mayar da mace namiji ba ya ko jin kunya. Ya raɗa mini Ɗan Gulbi, wai ɗan kogin da ake sharewa da tsintsiya. Ya ce shi bai yarda akwai wani Mahamman ba, amma yawo yana so, don haka zai raka ni. Shi ya fara kai ni gada. Wallahi ban manta da ranar nan ba. Na kama ƙarfen gefe da hannu biyu, ga kogin Isa a ƙasa shimfiɗe, ruwa har inda ido ya tsaya, ba mai shi, ba mai jan sa da igiya. Masu wanki sun rufe gaɓa da tufafi kala-kala, masunta suna tura kwalekwale da gora, a kan gadar kuma raƙuma ɗauke da zana da itace suna tafe a jere tsakanin motoci, suna taunar bakinsu ba ruwansu da oda. Na tambayi Hamani wane wata yake ƙafewa. Sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ni ko a jikina, murna ta cika mini ciki har na rasa abin yi, na tsinci kaina ina ɗaga wa masunta hannu.

Daga nan muka shiga farautar Mahamman, kuma ashe rabin Hausawan Yamai sunansu ke nan. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni ban ɓata ba, amma na sha kewaye. Muka samu Mahamman mai kilishi, ɗan Madawa, ya ba mu ɗanɗano ya tura mu kasuwar Katako. A Katako, inda ƙarar guduma ba ta barin ka ji maganarka, muka samu Mahamman mai yanka tsohuwar taya yana fitar da takalmi da guga, shi kuma ɗan Dakwaro ne. Ya ce mu gwada majema a Gamkalle. Muka je muna toshe hanci, na can Badamagare ne, mai fara'a, har ya so ya haɗa ni da ƙanwarsa. Akwai Mahamman mai ba zakuna nama a gidan ajiye namun daji, wanda albarkacinsa na ga dorina ido da ido. Kowanne sai ya ba ni ruwa, ya tambayi labarin damina a gabas, ya dubi ƙullin nan ya yi mini fatan dacewa, don kowa a cikinsu yana da tsohuwa a wani wuri. Jikata tana da taswira mai magana a wayarta, tana ce mata bi dama bi hagu. Tamu taswirar bakin mutane ce, kuma takan zo da fura.

A wannan yawo na koyi cin dambu da zogale irin na Zabarmawa a gidan su Hamani, na koyi cewa fofo, gaisuwarsu, na koyi tsallaka titi ba tare da na yi salati ba. Na shiga silima na kauce da jirgin ƙasa ya nufo mu daga bango. Na ga babbar kasuwa inda layin masu atamfa kaɗai ya fi ƙauyenmu tsawo, na tsaya ina kallon masu ɗinki suna taka keke kamar ana tsere. Ranar da na fara taɓa ƙanƙara na naɗe guntunta a hankici na sa aljihu, wai zan sha in mun koma makaranta. Ba mu yi nisa ba na ji sanyi yana bin ƙirjina, na tuna da wa take zaune a aljihun, na fizgo ƙullin Gwaggo da sauri. Allah ya taimake ni gefen ƙyallen kawai ya jiƙe. Hamani ya ce in na kai wa mutumin saƙonsa ya tsiro, ai na rage masa aiki.

Haka sanyi ya wuce, zafi ya shigo, mangwaro ya cika kasuwa. Na san Yamai har ina nuna wa sababbin zuwa hanya, amma wanda nake nema ko mai kama da shi ban gani ba, fuskarsa ma ta ɓace mini. Sannu a hankali daɗin yawon ya fara gaurayuwa da fargaba. In na ga hadari ya taso daga gabas da yamma, ɗalibai suna murna za a samu sanyi, ni kuwa kwanaki nake ƙirgawa. Ina tuna gonar nan, jigawa ce mai gawo a tsakiya, ina tuna Gwaggo tana laluben bakin ƙofa da sanda. Alkawari kaya ne, ban san nauyinsa ba sai a lokacin. Na fara tsara abin da zan ce mata in na miƙa mata ƙullinta, kuma duk yadda na juya maganar ba ta zama a bakina.

Ana haka yayar Hamani ta haihu, aka aike shi sayen ragon suna. Ya ce in zo in yi amfani ko sau ɗaya, tunda ni da tumaki gida ɗaya muka tashi. Wata Lahadi muka tafi Turaku, kasuwar dabbobi. Na duba haƙora, na taɓa gadon baya, na zaɓar musu wani fari mai baƙin kunne, mai ragon ya ɗaura masa igiya ya miƙo mini. Muna fita ragon ya yi turjiya, bakin igiyar ya fara sakewa, na sa yatsu na murɗa don in matse ta yadda hannuna ya saba tun ina yaro. Sai ta warware. Na sake murɗawa, ta ƙara warwarewa. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, masu shanu suna yi mini tsawa in kauce. Na ciro ƙullin Gwaggo na ɗora igiyarsa a kan ta ragon. Ɗaya siririya ɗaya kaura, amma murɗin ɗaya ne, duk baya suke komawa.

Na koma da gudu ina jan rago, Hamani yana bina yana tambayar ko aljanu ne. Mai ragon ya ce wurin wani Bahaushe yake sayen igiyar, Mai Igiya ake ce masa, yana can bayan masu harawa, ba ya son surutu. Muka same shi a gindin dogon yaro, zaune kan buhu, kaba jiƙe a gefensa, igiyoyi nannaɗe a gabansa. Mutum ne dogo, furfura ta fara masa tun ba lokacinta ba. Na lura da dama yake ɗaukar komai, amma in ya zo tufka sai hannuwan su juya. Daga baya ya gaya mini ba wanda ya koya masa. Tun yana ƙarami yakan laɓe bayan zana yana kallon hannun uwarsa, tunda ba dama ya zauna kusa da ita.

Na durƙusa na gaishe shi irin gaisuwar gida, na ce mutanen Kanan-Bakashe suna gaishe shi.

"Ban san wurin ba," ya ce, bai ɗago ba. "In igiya kaka so, ga ta nan."

Ban yi musu ba. Na ajiye ƙullin a kan buhun, kusa da gwiwarsa. Hannuwansa suka tsaya. Ya daɗe yana kallon siririyar igiyar nan, ga wuƙa a gefensa amma bai taɓa ta ba, da farce ya bi ƙullin a hankali har ya kwance. Irin gero ne a ciki, zaɓaɓɓe, wanda ake ajiyewa don shuka. Ya kai hanci ya shaƙa.

"Ita ta ba ka da hannunta?"

"Ita ta ba ni, Yaya."

"Ta hwaɗi sunana?"

"A'a. Cewa ta yi akwai wani can."

Ya yi wata ƴar dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ita ce," ya ce.

Na isar da maganar gona kamar yadda aka ba ni. Ya girgiza kai ya ce ya fita da niyyar komowa da shanun noma, ga shi shekaru sun tafi ba shi da komai sai kaba, wadda ko a gida ba a rasa ta ba. Ya ce da ya ji rasuwar ubansa an riga an yi arba'in, da wane ido zai shiga gari? Ƙanen uban ya riƙe gonar, ya fi shi cancanta, ita kuma tsohuwa ai ba ta taɓa nemansa ba. Nan na faɗa masa abin da Inna ta faɗa mini game da idanun. Ya sunkuyar da kai. Ana cikin haka ragon Hamani, da ba ruwansa da zumunci, ya miƙo wuya zai kai baki cikin geron. Mahamman ya wawuri ƙyallen ya manna a ƙirji, ya bi ƙwayoyin da suka zube a buhu yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Na gaya masa ranar da za a sallame mu hutu, ya ce ya ji, bai ce zai zo ba.

Ranar tafiya na isa tasha ban sa rai ba, sai na hango shi zaune a kan tulin igiya, ya sha aski, ya sa wata riga da alama aro ce. Ruwa ya riga ya sauka a Yamai. Duk tsawon hanya ba mu yi wata hira ba, kowa idonsa a taga. Wajen Doso har gero ya fito. A Dogon Dutsi muka ga mutane a jere suna shuka, mai sungumi a gaba masu binnewa a baya. Ƙonni jiƙe, Maradi jiƙe, kowace tsayawa sai ya sauka ya tona ƙasa da yatsa ya duba danshi ya dawo. Sai da muka bar Tasawa muka yi arewa muka ga rairayi fari fat, busasshe, amalanke yana nutsewa a ciki. Ban taɓa murnar ganin fari ba sai ranar, Allah ya yafe mini.

Mun sami Gwaggo a ƙofar ɗakinta tana tufka. Kafin mu ƙarasa mata sun cika gidan, wata ta rangaɗa guɗa aka ce ta yi shiru. Mahamman ya yi sallama ya tsuguna can nesa, kansa a ƙasa. Na ga kabar ta faɗi daga hannunta da ta ji muryar. Ta juyo da fuska wajensa, a nan na gane mun riga ruwa amma ba mu riga yanar ba, idanun sun yi fari duka. Sai ta kau da kai wajen zana, yadda aka koya mata tun tana amarya.

"Ɗan lakwal, ka komo lahiya?" ta ce. "Wanga baƙo da ka kawo, a ba shi ruwa."

Mahamman ya rarrafo ya ajiye naɗin igiya ɗaya kusa da ƙafarta ya koma wurinsa. Ta laluba ta ɗauka. Ta bi ta da yatsu tun daga wannan baki, a hankali, tana tsayawa tana komawa baya. Da ta kai ƙarshe ta sake farowa. Ni da na yi ta yawo da ƙullin nan ina dariya a titunan Yamai, sai ga ni ina goge ido da hannun riga.

"Wanda ya yi wagga," ta ce, "a ce mishi ya cika sauri wurin haɗi. Kuma sungumin ubanshi na bayan rumbu."

Ba ta saki igiyar ba. Ruwa ya sauka cikin makon, da irin nan aka fara shuka gonar, jikokin Mahamman ne ke nomanta yau. Inna ta ce har Gwaggo ta koma ga Allah igiyar nan tana ƙarƙashin matashinta, ba ta yarda an ɗaure ko akuya da ita ba.

Ina cikin wannan tunani aka fara kiran fasinjan Yamai. Jikata ta miƙe ta kama jakarta. Na sa hannu a aljihu na ciro ɗan ƙullin garin kuka da na ɗaure tun da safe, na ce ta kai wa wani tsoho a Harobanda, Hamani sunansa, siriri mai bakin tsiya, ta ce masa in ji Ɗan Gulbi.

"Kaka, ba ka da lambarshi?"

Tana nan cikin wayata, ko shekaranjiya mun yi magana. Na tura mata ƙullin cikin tafi na rufe yatsunta a kai.

"Yamai ɗin nawa ce?" na ce. "Ki tambaya."